Me za mu kira manhajar da kamfaninta ya daina kula da ita?

Jama'a, kalma nake nema. Akwai abin da Turawa ke kira "end of support", wato ranar da kamfani ke daina fitar da gyaran tsaro ga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Windows XP ta kai wannan rana a 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 a 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a 14 ga Oktoba 2025. Da Hausa fa?

Wasu na rubuta "janye tallafi". Ban gamsu ba, domin kowa ya ji tallafi kuɗi yake tunawa.

"Mutuwar manhaja" ta fi damuna. Washegarin ranar za ka danna maɓalli, kwamfuta ta tashi garau, hotunanka da takardunka duk suna nan. Ka ce wa mai ita manhajarsa ta mutu, sai ya dubi allon, ya dube ka, ya ci gaba da aikinsa. Kalmar ta jawo an raina gargaɗin ke nan.

Abin da ya tsaya shi ne faci. Da ma ana ta gano ɓaraka a manhaja, kamfani yana turo faci yana toshewa. Bayan wannan rana ba a daina gano ɓarakar ba, toshewar aka daina. Kuma sabuwar manhaja da tsohuwa sukan yi tarayya a sassa da yawa, saboda haka in an fitar da facin sabuwa, masu kutse kan bincika su ga inda aka toshe, su koma su laluba wurin a jikin tsohuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan kuwa an nuna masa tsagar.

Ku tuna WannaCry, muguwar manhajar da ta afka wa kwamfutoci masu Windows a 12 ga Mayu 2017. Ta kulle bayanai a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Tun a Maris Microsoft, kamfanin da ke yin Windows, ya fitar da facin ɓarakar da ta bi ta shiga. Yawancin waɗanda abin ya ci sakacin saka shi suka yi, amma gama-garin masu XP ko facin ba a ba su ba, sai bayan ɓarna ta faru aka fitar musu da na gaggawa.

Wani ya kawo "yaye". Kalma mai daɗi, sai dai wanda aka yaye ya fara ƙarfi ne, ita kuwa wannan kullum rauni take ƙarawa. "Marainiya" ta kusa, amma kamfanin yana raye, juya baya ya yi.

Ni na tsaya a kan "yasasshiyar manhaja". Yasasshen gida yana tsaye, har ana iya kwana ciki, sai dai babu mai gyara ƙofarsa. Ranar kuma mu kira ta "ranar daina faci". Ku gwada a baki: "Kar ka shiga asusun bankinka da wannan kwamfutar, manhajarta yasasshiya ce." In akwai wadda ta fi ta zama a kunne, a kawo mu ji.