Musayar Waƙa: Yadda Ailan Ke Cin Kasuwa da Ranar Patrick

Malam Na-Soro:
'Yan uwa, ga ɗango na aza, amsa-amonmu "wa".

Ranar Patrick, waliyyin Kiristocin Ailan, 17 ga Maris,
Hutun Ailan tun 1903, babu fasawa.
A gida mutum miliyan 5 da 'yan kai,
A Amurka jikoki sun haura miliyan 30 wajen ƙirgawa.
Yunwar 1845 ce ta kori kakanninsu,
Yau su ne gadar da ake takawa.
To me ya sa ran bikin gida
Ministoci ke ɗaure kaya, kowa na ficewa?

Hajiya Mai Sikeli:
Malam, ranar ce ke buɗe musu zaure,
Baƙo da goro ba a hana shi zaunawa.
A 1952 jakadansu John Hearne
Ya aika wa shugaban Amurka Truman ganyen shamrok, alamar Ailan, don gaisawa.
Yanzu Firaminista ke kai shi da hannunsa,
A tasar gilashi, 'yan jarida na ɗaukawa.
Ƙaramar ƙasa gaban shugaban Amurka duk shekara,
Manya ma sai sun yi layi kafin ganawa.
Bayan minista kuwa kowa da tallarsa:
Enterprise Ireland kamfanonin gida take fitarwa,
IDA masu zuba jari take zawarci,
Bord Bia nama da man shanu take ɗanɗanawa.
Tun kafin Maris jakadanci ya tsara wa zai ga wa,
Wanda ya zo babu alƙawari, shayi kawai zai sha ya komawa.

Injiniya Ɗan Famfo:
Hajiya, bari in shiga ta ɓangaren kore, launin Ailan.

Kogin Shikago tun 1962 ake rina shi,
Ƙungiyar masu aikin famfo ke ɗaukar nauyin zubawa.
Shekarar farko laba 100 suka antaya,
Mako guda ruwan bai daina korewa.
Yanzu kamar laba 40 ta wadatar,
Gari ne mai launin ruwan lemo, sai ya jiƙa yake juyewa.
Jirgi ɗaya na barbaɗa, wani na bi yana kaɗawa,
Sa'o'i kaɗan launin ya fara dusashewa.
A 2010 hukumar yawon buɗe ido, Tourism Ireland, ta koma ga fitilu,
Gidan Opera na Sidni ya yi shar da haskakawa.
Hasumiyar Pisa ta bi, Niyagara ta bi,
Talla mai arha, hotuna ke yin yaɗawa.
Tsadar lantarki ta sa a 2023
Aka dakatar da kunnawa.

Malam Na-Soro:
Ƙanena, ka faɗi daɗin, ina ɗacin?

Gwaggo Mai Lissafi:
Ni zan faɗa, Malam, ɗacin da yawa.

Maris ɗin 2020 korona ta soke faretin Dablin,
Daga Washinton Firaminista Varadkar ya sanar da rufe makarantu da gaggawa.
A 2022 Firaminista Martin ya isa, gwajin korona ya kama shi,
Ta bidiyo shi da Biden suka yi tattaunawa.
A 2025 jam'iyyar adawa ta Sinn Féin ta ƙi zuwa saboda Gaza,
Siyasa kan shiga tsakanin goro da miƙawa.
A gida 'yan adawa na bin kuɗin jirgi da otal,
Minista ya dawo hannu rabbana, sai caccakawa.
Ga hoton giya da hular wasa a titi,
Yana danne na magunguna da manhajar da suke sayarwa.

Hajiya Mai Sikeli:
Gwaggo, gaskiya ne. Ga ƙari kan ganyen kansa.

Amurka ba ta yarda shuka ta shigo da ƙasa a saiwa,
Tsoron cutar gona, sai an wanke kafin aikawa.
Bayan an gama hoto a Fadar White House,
Jami'an tsaro ke kwashe ganyen su je lalatawa.
Nan ma Ailan ta buɗe jakadanci a Legas tun 1960,
Yau a Abuja ake yin liyafar da gayyatawa.