Da wane itace kuke kyafa kifi?

Uwargida, Garwa:
Assalamu alaikum. Makon jiya maigida ya dawo daga Lagdo da tarwaɗa ta jaka goma sha biyar. Wutar lantarki ba ta zama a unguwarmu, sai na ce bari in kyafe ta kafin ta lalace. Na ɗebo rassan darbejiyar ƙofar gida da aka sassare, ko sati biyu ba su yi ba, na haɗa da guntayen katakon da kafinta ya bari. Kifin ya fito baƙi ƙirin, yana danƙo a hannu. Na sa a miyar kuka, yara suka ture kwano saboda ɗaci. Wallahi abin ya ci min rai. Don Allah waɗanda suka san harkar banda, da me kuke yi?

Tsohon masunci, Lagdo:
Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya mayar da alheri. Ni tun bayan gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 nake bakin ruwa, kuma kifin da ɗanyen itace ya ɓata min ba ya ƙirguwa. Ɗanye ba ya cin wuta, sai dai ya yi ta tsuwa yana kumfa a gindi, hayaƙinsa mai kauri ya kwanta a jikin kifi. Darbejiya kuwa ɗacinta har cikin ɓawo yake.

Ki nemi marke ko ƙirya ko bagaruwa. Suna da nauyi, garwashinsu na daɗewa, kifi ya fito ja kamar an shafa masa mai. Idan kin je wajen mai itace, ɗauki guda biyu ki gwara su. Busasshe ƙara yake yi, bakinsa a tsattsage, ɓawon na saɓulewa da hannu. In kika ji dim, ajiye shi.

Abin da mahaifina ya fi ja min kunne a kai: duk icen da aka karya ya zubo farin ruwa kamar nono, kada ya kusanci abinci. Tumfafiya, tinya, ayyara, duk dafi ne. Na ga yaron da ya hura wuta da tumfafiya, kwana biyu idonsa na zubar da ruwa.

Mai tukuba, Marwa:
Hajiya, ni katakon nan ya fi tsaya min a rai. Ɗaci dai harshe zai gaya miki, amma fenti da maganin gara da ake jiƙa katako da shi ba lallai ki ji su a baki ba, cikin jiki suke tafiya. Tsohon fenti ma akwai mai dalma a ciki.

Wata rana yarona ya tsinto guntun sandar wutar lantarki ya cusa a tukuba ban gani ba. Sai na ji wari kamar ana zuba kwalta a titi. Na duba, ga baƙin mai yana tsattsafowa daga jikin icen. Tsire ya fi sittin a jere, duka na kwashe na binne, ko kare ban ba ba. Irin man nan ne ake shafa wa katakon layin dogo, mutanen Ngaundere sun san shi, kuma likitoci sun ce yana jawo ciwon daji. Haka kunna wuta da leda ko tsohon silifa ko kalanzir. Ni da karan dawa nake tayar da tawa.

Mai sayar da banda, Kusuri:
Baba, a yi min afuwa, ku a Lagdo kuna da daji. Mu nan marke sai mai kuɗi. Kusuri na kan iyaka da Njamena, kuma tun da gwamnatin Chadi ta hana gawayi a 2009, itacen wannan yanki ya yi daraja, ga masu gandun daji ba sa ɗaga ƙafa. Saboda haka ba zan ce darbejiya ba ta yi sam ba. Ina amfani da ita, amma wadda ta shekara a bushe. Sai na ɓare ɓawon, na bari ta cinye ta zama garwashi kafin in ɗora kifi. Launi da ƙamshi kuma totuwar masara ke ba ni, ko ƙaiƙayin shinkafa da ake kawowa daga Maga, ina barbaɗawa kaɗan-kaɗan. Idan na samu talha, wadda matan Chadi ke turara jiki da ita, ranar ba na jayayya da mai saye.

Masu yi da kashin shanu a bakin Tabkin Chadi, na san rashi ne ya sa, amma warin ba ya ɓuya a miya.

Malamin kiwon kifi, Njamena:
Ko da itacen kirki ne, a kula da man kifi. Tarwaɗa na da mai, idan ya ɗiga a harshen wuta sai ya tashi da baƙin hayaƙi mai ɗauke da sinadaran da ke cutarwa a hankali. Tarayyar Turai ma ta ƙayyade ɗaya daga cikinsu, benzopirin, kada ya wuce mikrogram 2 a kilo ɗaya na kyafaffen kifi. Murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Ghana a 1969 ya rage cin itace sosai, shi kuma murhun da ake kira FTT, wanda FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a Senegal, an sa masa farantin tare mai. A gida ki yanka tsohon faranti mara fenti ki rataya tsakanin wuta da raga.

Tsohon masunci, Lagdo:
Gaskiyar Malam ce. Raga ta yi nisan kamu biyu daga garwashi. Ke kuma ta Kusuri, na karɓi maganarki, amma ɓawon nan kada a yi masa ganganci.

Uwargida, Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na sayo marke, na gwara kamar yadda Baba ya ce, na gwada da karfasa shida. Sun fito ja, yara har ƙashi suka tsotse. Guntayen katakon na sa an fitar min da su daga gida. Darbejiyar kuma na jingine ta a bayan ɗaki, sai baɗi in gwada yadda Yaya ta Kusuri ta faɗa.