Platelet: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina shirya bayani don shirin lafiya na rediyo a nan Kano, kalmar platelet ta tsaya mini a wuya. Ƙananan ƙwayoyi ne a cikin jini, ɓargo ke samar da su, kwana 7 zuwa 10 suke yi su mutu. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini, wato ɗan mitsitsin awo da bai kai ɗigo ɗaya ba.

Abin da ya kawo maganar wata cuta ce. Jariri kan gaji wata alama a jikin ƙwayoyin nan daga ubansa, wadda uwar ba ta da ita. Sai garkuwar jikin uwa ta ɗauke su baƙi, sojojinta su ratsa mabiyiya su cinye su. A haifi yaro da ɗigo-ɗigon ja a fata, wani ma jini ya tsiyaya a ƙwaƙwalwarsa tun yana ciki. A Toronto ta Kanada, a 2006, masu bincike sun haddasa cutar a jikin ɓeraye, suka gwada maganin da ake ɗura wa uwa ta jijiya, 'ya'yan suka samu sauƙi. Aladu da alfadarai ma suna yin ta, sai dai su ta dakashi suke ɗauka bayan haihuwa.

To, suna. Wani ya ce 'yan faranti, wai haka Turancin yake nufi. Haba Malam, in na faɗi haka a rediyo ai tuwo za a zata. Wani ya kawo ƙwayoyin daskarar da jini. Bai yi laifi ba, amma ya yi tsawo, kuma daskarewar ba aikinsu su kaɗai ba ne, su dai ke fara isa wurin su liƙe ɓular.

Wata Hajiya, tsohuwar ungozoma daga Gwammaja, ta rubuto: "Ɗana, ka taɓa tsayawa wurin mai faci? Ya tsoma tayar a ruwa, inda kumfa ta fito nan zai manna. To aikinsu ke nan."

Hajiya, na karɓa hannu bibbiyu. Ƙwayoyin faci. Cutar kuwa, ƙarancin ƙwayoyin faci na jarirai. Na gwada wa maigadinmu ɗazu, ban ƙarasa ba ya ce, "Wato in babu su, jinin ba ya tsayawa?"

Ranar Laraba da wannan sunan zan shiga situdiyo, sai in wani ya kawo wanda ya fi shi kafin nan.