Ina zan sa "well" a wannan jimlar?

Assalamu alaikum malamai. Ina shirin WAEC, wani abu ya tsaya mini a wuya. Mu a Hausa sai mu ce "an kula da yaran sosai", shi ke nan. A Turanci na rubuta "the children were looked well after", malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashi, ya mayar da ita "were well looked after". Amma a wani littafi na ga "the matter was dealt with quickly", bayanau ɗin, wato "quickly", a ƙarshe.

To, me ya hana "well" shiga tsakanin "looked" da "after"? Kuma don me "with" yake zaune babu suna a bayansa? Don Allah a fayyace mini, jarrabawa ta matso.