Binciken jami'a kan rijiyar burtsatse da ta tsaya: yaya zai amfani mutanen gari?

Ɗalibar Zazzau:
Assalamu alaikum malamai. Sashenmu na nazarin al'umma da al'adu zai tura ɗalibai shida wani ƙauye na mako uku. An haƙa musu rijiyar burtsatse mai famfon tuka-tuka, ba ta daɗe ba ta tsaya, mutane suka koma ruwan tafki. Muna so binciken ya taimaki garin, kada ya ƙare a kan kantar laburare. Ta ina za mu fara?

Malamin Fili:
Wa alaikumus salam. Kafin ku taka ƙauyen, ku samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku. Daga nan sai takarda zuwa ga hakimi, shi ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya haɗa ku da masu unguwanni. In kuka tsallake matakin nan, mutane za su ɗauka ma'aikatan gwamnati ne ku, su riƙa faɗa muku abin da suke zaton kuna son ji.

Cikin shidan nan a samu mata aƙalla uku. Mata da yara ne ke hulɗa da ruwa, kuma gidajen kulle namiji ba ya wuce zaure. Kwana uku na farko kada ku fito da takardar tambayoyi. Ku zauna bakin famfon da bakin tafkin, da asuba da kuma bayan la'asar, ku rubuta wa ke ɗiba, da wane mazubi, jarka nawa, nawa ake biyan mai ga-ruwa. Sannan ku nemo makanikin da ya taɓa kwance famfon ya nuna muku abin da ya mutu. Sau da yawa robar da ke cikin silinda ce ta cinye ko sanda ta tsinke, gyaran da bai fi ƙarfin gari ba. Don haka tambayar gaskiya ita ce me ya hana a tara kuɗin gyaran.

Neman yarda kuwa a yi shi da baki, da Hausa, a gaban shaida. Tilasta wa dattijo dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba yana tsorata mutane.

Ɗan Yamai:
Malam ya yi daidai, sai dai ina da ƙarin gargaɗi kan taron jama'a. In kuka tara mutane a ƙofar dagaci, muryar dagaci kaɗai za ku ji. Cibiyar binciken al'umma ta LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001 tare da masanin nazarin al'umma Jean-Pierre Olivier de Sardan, tana da tsarin da ya dace da ku: a raba gari bisa ƙungiyoyin da muradunsu suka bambanta, a bi kowace daban, kuma a shiga batun ta inda ake saɓani. A nan ƙungiyoyin su ne matan gida, 'yan ga-ruwa, makiyaya masu shayar da dabbobi, 'yan kwamitin famfo, da mai filin da aka haƙa rijiyar a ciki. Ɗalibai su fita bibbiyu, kowane dare a zauna a kwatanta abin da aka jiyo.

A nan ne abubuwa ke fitowa: misali, a gano ma'ajin kwamiti ɗan'uwan mai gari ne, babu mai iya tambayarsa lissafi, ko an kafa famfon a gaban majalisar maza, matan aure ba sa iya zuwa, ko ruwan yana da ɗanɗanon ƙarfe, yana sauya launin tuwo. Zaman tattaunawa kada ya wuce mutum takwas, mata daban, maza daban. Ku kuma ware lokacin rubuta hirarraki, domin hirar awa ɗaya a rikoda tana iya cin awa biyar kafin ta koma takarda.

Hajiya Mai Bincike:
'Yata, abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen aikin. Ku tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa Yulin 2004. Masu binciken da suka zauna da iyaye sun gano ba jahilci ba ne kawai: akwai tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996, akwai kuma tambayar me ya sa ake bin gida-gida da ɗigon baki kyauta alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi. Rashin yarda yana da tarihi, kuma ɗaliban da ke zuwa su kwashi bayani su ɓace suna ƙara shi.

Saboda haka kafin ku rubuta rahoton ƙarshe, ku koma garin ku karanta musu abin da kuka gano, su gyara muku. Ku cire sunaye, har da siffofin da za su tona mutum. A ƙaramin gari, "wata bazawara mai sayar da ƙosai" suna ne. Ku shirya takarda mai shafi biyu, da Hausar boko da ajami, kwafi ɗaya ga dagaci, kwafi ɗaya ga sashen ruwa na ƙaramar hukuma, ɗauke da kuɗin gyara da shawarar yadda za a riƙa karɓar kuɗin ruwa a rubuce. Kuma kada ɗalibi ko ɗaya ya yi alkawarin sabuwar rijiya, tunda ba a hannunku take ba.