Wa ya karanta Akata Witch tare da yaransa?

Wata uwa, Kaduna:
Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 13 ta aro littafin Nnedi Okorafor ɗin nan na 2011. Ganin sunan kaɗai, mai kalmar witch wato mayya, gabana ya faɗi, na karɓe na ce sai na karanta tukuna. Labarin Sunny ne, yarinya zabiya 'yar shekara 12, haifaffiyar Amurka, da iyayenta 'yan ƙabilar Ibo suka dawo da ita Aba. Na mayar mata bayan kwana uku, amma hankalina bai gama kwanciya ba. Ku da kuka riga ni, yaya kuka ƙare?

Malamin Turanci, Zariya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni da bugun Najeriya na Cassava Republic na karantar, mai suna What Sunny Saw in the Flames, shi ya sa iyaye ba su tayar da hankali ba. Abin da ya kama ɗalibaina shi ne kuɗin duniyar labarin, chittim. Ba a samunsu da fatauci, sai mutum ya koyi wani abu sabo su zubo a gabansa, kuma na tagulla ya fi na zinariya daraja. Wani yaro da ba ya buɗe baki a aji ya tsayar da ni a ƙofa yana tambaya ko haddar da ya yi a Islamiyya za ta kawo masa nawa. Daga ranar bai sake zama a baya ba.

Wata ɗaliba, Gombe:
Malam, ka yi haƙuri in kawo nawa, domin ni zabiya ce. Ban taɓa ganin mai irin fatata a matsayin jarumar littafi ba sai a nan. Inda ake tsokanarta a makaranta, sai da na ajiye littafin na share hawaye, don sunayen da aka kira ni da su ke nan tun ina firamare.

Amma da ta shiga duniyar sihiri, sai rana ta daina ƙona ta, ta yar da lema ta shiga fili tana buga ƙwallo. Wallahi a nan na ji kamar an bar ni a baya. Ni gobe ma da malafa da man kariya zan fita, kuma sai na zauna gaban allo kafin in ga rubutu. Na so a bar ta da lemarta ta yi nasara a haka. Sannan ɗaura zabiyanci da wani ƙarfi na ɓoye ba wasa ba ne a wurinmu. Irin wannan camfi ne ya sa aka kashe 'yan'uwanmu a Tanzaniya da Malawi ana neman sassan jikinsu. Mama, ki zauna da 'yarki ku tattauna wannan wurin.

Wani matashi, Suleja:
Anti, Allah ya ƙara lafiya. Ni da ƙanena muka karanta, kuma da labarin ya iso bikin da ake yi kusa da Dutsen Zuma sai ya fita waje yana kallon dutsen kamar bai taɓa ganinsa ba. Ƙarshen ne ya ba mu haushi. An daɗe ana tsorata mu da Black Hat Otokoto mai kashe yara, sai karon ya zo ya wuce cikin 'yan shafuka. Kuma ta yaya manya masu ilimi za su tura yara huɗu wurin mai kisa su koma gefe? Mama, ki sani akwai kokawar da mutum ya mutu a cikinta.

Wata uwa, Kaduna:
Na gode muku. Ni kiran dodanni da wuƙar tsafi ne suka dame ni, mun kuma yi magana ta ce ta san tatsuniya ce. Zancen lemar nan kuwa ko kusa bai zo mini ba. 'Yata ta Gombe, akwai zabiya a ajin yarinyata, yau da daddare zan karanta wa yarinyar tawa abin da kika rubuta.