Ƙari a ƙodar mahaifinmu: a yarda da gwajin allura ko a wuce tiyata?

Abban Hafsat, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 69, yana fama da hawan jini da ciwon suga. Ciwon ciki ne ya kai mu asibiti, sai hoton sikanin ya nuna ƙari a ƙodarsa ta dama, hoton CT (na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla) kuma ya auna shi santimita 3. Likita ya ba da shawarar a tsira allura ta baya a ɗebo ɗan nama a gwada kafin a yanke hukunci, amma baffanmu ya ce sam, domin kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Ina neman haske daga masana.

Likitan Mafitsara, Kawo:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Tsoron Baffa yana da tushe, domin an taɓa samun ƙwayoyin daji da suka bi sawun allura, sai dai hakan ba kasafai yake faruwa a ƙoda ba, musamman da yake yanzu ana fara zura wani siririn bututu ne, allurar ta riƙa shiga da fita ta cikinsa ba tare da ta goga naman hanya ba. Abin da muka fi sa wa ido shi ne zubar jini, kuma yawanci yakan tsaya da kansa.

Dalilin shawarar shi ne, a cikin ƙarin ƙoda da bai wuce santimita 4 ba, kusan ɗaya cikin biyar ba daji ba ne, hoto kuma ba ya iya bambancewa a koyaushe. Akwai wanda ake kira onkosayitoma, wanda ke kama da daji a CT alhali ba ya yaɗuwa. Dattijo mai suga da hawan jini yana bukatar duk abin da ya rage masa na ƙoda, don haka cire ta a kan zato asara ce da ba ta dawowa. Ko da ya tabbata daji ne, sanin irinsa yakan nuna ko za a yanke ƙarin kaɗai a bar ƙodar, ko kuma a riƙa bibiyarsa da hoto. Ku sani kuma cewa wani lokaci naman da aka ɗebo ba ya isa a ce komai, wannan kuwa ba ya nufin lafiya lau, sai an sake.

Maman Sadiq, Barnawa:
Ɗan'uwa, ni an yi mini, don haka zan faɗi abin da na gani. An kwantar da ni rub da ciki, aka yi mini allurar kashe zafi a kwiɓi, likita yana kallon allon sikanin yana ce mini in ja numfashi in riƙe, saboda ƙoda tana motsi da numfashi. Abin da ya razana ni shi ne ƙarar allurar, wani ƙas kamar an danna abin maƙala takardu, har sau uku, ba zafin ba. Na kwanta sa'o'i ana auna jinina, fitsarina ya yi ja-ja a daren, washegari ya washe. Jiran sakamakon ya fi allurar wahala. Kuskurena ɗaya, ban faɗi cewa ina shan asfirin ba sai a ranar, dole aka ɗage aikin saboda yana tsinka jini.

Malam Iro, Rigasa:
Ni dai ban gamsu ba. Yayana ƙarinsa ya kai santimita 9, babu wanda ya yi maganar allura, tiyata aka yi kai tsaye. Me ya sa za a ƙara wa mutane kashe kuɗi?

Likitan Mafitsara, Kawo:
Malam Iro, abin da aka yi wa yayanka daidai ne. Idan ƙari ya yi girma haka, hoto ya nuna kamannin daji, mai shi kuma zai iya jure tiyata, duk abin da allura ta ce cirewa za a yi, to gwajin ba shi da amfani. Haka ba a cika yin sa ga ƙari mai ruwa a ciki ba, ko wanda CT ya nuna kitse ƙarara a cikinsa. Malam Abban Hafsat, ka tambayi likitanku ko sakamakon zai sauya maganin da za a yi wa Baba, sannan ka kai masa duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, kada kuma a dakatar da ko ɗaya sai da umarninsa.

Abban Hafsat, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Likita, Hajiya ma na gode. Baba yana shan asfirin kullum, kuma ban tabbata an rubuta a katinsa ba. Ranar Litinin za mu koma, zan roƙi Baffa ya bi mu ya ji daga bakin likita da kunnensa.